Sun Ɓoye Sunan Mma, Sun Buga Fuskarta

A zangon Tamale, unguwar baƙi inda na tashi, ba a kiran babba da sunansa. Mahaifiyata ta tsufa tana sayar da koko da ƙosai a gindin wata tsamiya, gefen ƙaramin masallacin da ke kan hanyar Nyohini, amma da za ka tare masu shan kokonta ka ce su faɗa maka sunanta na yanka, da wuya ka sami mai amsawa. Mma mai koko, shi ke nan. Mu 'ya'yanta Mma kawai muke cewa, kuma ni da nake wannan rubutu, har na yi furfura ban taɓa furta sunan nan da bakina ba.

Bayan koko, abin da kowa ya san ta da shi fuskarta ce. Tana da zane sirara masu yawa, sun taso daga gefen ido sun gangaro ta kumatu sun tsaya a haɓa, ga kuma wani guda da ya karkata daga karan hanci zuwa kunci. Muna yara mun tambaye ta, ta ce ciwo ta yi tana jinjira, wanzami ya tsattsaga ta ya sa magani. Ba mu sake tambaya ba, don a ƙasar nan tsagar magani ba baƙon abu ba ce. Mahaifinmu falke ne, Bakano, ya yi ta safarar goro har ya gaji ya zauna a Tamale, a nan kuma ya rasu. Da shi muke tinƙaho. In faɗa ya haɗa ni da wani, abin da nake fara tuna masa shi ne ni jinin Kano ne, kuma faɗa bai cika wuce ni ba, don Allah ya yi ni da saurin fushi.

Ni tela ne. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, na koyi Turanci daidai na karanta takardar asibiti da allon tasha. Ilimin bai taka kara ya karya ba, amma yadda nake ɗaga hanci da shi sai ka ce ni na kawo boko garin. Duk wanda aka aiko wa takarda a layinmu shagona yake kawowa, in sa tabarau ɗin da idona bai buƙata in karanta masa.

A wannan lokacin aka kawo wani sabon tica makarantar midil. Matashi ne daga can arewa wajen iyaka, Kirista, mai sanyin magana, shi ma da 'yar tsaga a kunci. Wata safiya ina zaune a bencin Mma ina shan koko ya zo saye. Ya miƙa kwano, ya dubi fuskarta, ya tsaya. Sai ya rusuna ya gaishe ta da wani yare da ban taɓa ji ba, ba Dagbanci ba, ba kuma yaren Asante ba. Ludayi ya kuɓuce daga hannun Mma ya nutse a tukunya. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta amsa, a hankali, tana laluben kalmomin.

Da ya tafi na ce, "Mma, wane yare ne wannan?"

Ta ce, "Na masu ciniki ne, a kasuwa na tsinta."

Na yarda, don matan kasuwar Tamale ba yaren da ba su lasa ba. Daga nan tica ya mai da gindin tsamiya wurin zuwa. Ranar da ba makaranta yakan bari jama'ar safe su watse, ya zo ya zauna. Na sha wucewa in tarar da su, ita tana kankare tukunya tana magana, shi yana saurare da 'yar takarda a gwiwa. Abin da ya fi ba ni mamaki dariyarta. Mma ba mai dariya ba ce, in abu ya yi mata daɗi ƙwarai sai ta ce "to, madalla" ta ci gaba da aikinta. A yaren nan kuwa har ƙyaƙyatawa take yi, tana rufe baki da gefen mayafi. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Nakan tsokane ta in ce ta sami sabon ɗa ta yar da tsofaffi, ita kuma ta ce sabon ya fi ladabi. Wata rana ya zana hotonta da fensir, ya ce in an yi hutu zai kai wa mahaifiyarsa ta gani. Yana da hannu, komai ya fito, har yadda ɗankwalinta ke karkacewa gefe ɗaya.

Ticocin garin da akawuna suna da wata ƙungiya a lokacin. Sun ce sun gaji da Bature ya zo ya yi 'yan kwanaki, ya koma ƙasarsu ya rubuta littafi a kanmu. Tunda ƙasa za ta koma hannun 'ya'yanta, to tarihinta ma ya koma. Suka yanke shawarar fitar da mujalla ta ilimi, irin wadda malaman jami'a ke rubutu a ciki, a kan tarihi da al'adun Arewa. Hedimastan makarantar, wani dattijo ɗan Dagomba mai son tsari, shi ne edita. Abin ya burge ni ƙwarai. Ni na ɗinka musu ƙyallen teburin da za su baje ta a kai, ja da ruwan ɗorawa da kore, kuma kyauta na yi.

A makon bikin samun 'yancin kai aka yi baje koli a filin makarantar. Manoma sun kawo doya, masaƙa sun rataye rigunan saƙi, ticoci kuma suka kafa teburinsu a inuwa suka jera mujalla. Rubutu ne zalla daga farko har ƙarshe, ba abin da zai ja idon mai wucewa sai hoto ɗaya a tsakiya. Don haka suka buɗe ta daidai wurin hoton, suka danne da dutse kada iska ta juya. Duk zango ta gaban teburin nan ya bi.

Ina can wajen masu kiɗa matan unguwarmu suka zo suka ja ni. "Zo ka gani, Mma ta shiga takarda." Murna suke yi, har da mai guɗa. Na kutsa na duba, ga Mma kuwa, zanenta ɗaya bayan ɗaya, ɗankwali a karkace. Kaina ya fasu. Wani ya ce, "To, mai Turanci, karanta mana." Na zaro tabarau.

Na fara bi da yatsa, ina karantawa ina juyawa da Hausa. An sa mata wani suna da ba nata ba, an kuma rubuta a ƙasa cewa an sakaya sunan gaskiya don kare mutuncinta. Mutane suka yi dariya, wata ta ce to wa aka ɓoye wa. Rubutun ya ce tsohuwa ce mai sayar da koko a gindin tsamiya kusa da masallaci a hanyar Nyohini, mijinta falken goro ne ya rasu, ɗanta tela ne. Aka bubbuga mini kafaɗa. Na ci gaba. Ya ce an haife ta a wani ƙauye can arewa. Na ɗan tsaya, don mu ta ce mana a kan hanyar fatake aka haife ta. Ya ce tana ƙarama mahara suka zo a kan dawaki lokacin girbi. Yatsana ya kai kan kalma ta gaba, na kuma san ta, mun yi ta a aji. Bakina ya ƙi buɗewa.

Da ni kaɗai ne mai karatu a wurin, da na ce idona ke ciwo na rufe. Amma akwai wani akawun kotu a bayana yana leƙe ta kafaɗata, mutum mai son a san ya fi ni Turanci. Ya ɗauka kalmar ce ta gagare ni.

Ya ce, "Baiwa. Cewa aka yi baiwa ce."

Ya karɓe karatun da murya mai daɗi. An ɗaure ta da igiya ɗaya da uwarta, uwar ta mutu a hanya, an kai ta kasuwar bayi a Salaga, wani falke ya karɓe ta a bakin kayan goro, ta girma a gidansa tana aiki, daga baya ya ba ƙanensa ita. Sai da ya kai nan ya lura da shirun da aka yi, ya ɗago kai, ya ga fuskata, ya ajiye takardar.

Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba, abin da duk wanda ya san ni zai yi tsammani. Ina jin kiɗa can nesa, ina ganin yara na gudu da tutocin da na ɗinka, ina kallon fuskar da na sani tun kafin in san tawa, amma na kasa gane ta. Matan da suka jawo ni suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dube ni. Na naɗe mujallar na cusa a aljihu na fita daga filin.

Ban iya zuwa gida ba. Na nufi wurin wani tsoho abokin mahaifina da muke kira Baba, na tarar da shi a zaure yana yayyafa wa goro ruwa. So nake ya ce ƙarya ce in je in fasa bakin tica. Ya saurare ni har na gama, ya ce in zauna.

"Gaskiya ne," ya ce. "Duk wanda ya kai shekaruna a zangon nan ya sani. Zanen nan kowa ya san na wace ƙasa ne, kowa kuma ya san yadda mutanen ƙasar suka iso nan a wancan zamani. Ba ita kaɗai ba ce. Da zan lissafa maka gidaje, har da na waɗanda kake cire wa takalmi."

"To me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini, Baba?"

"Don ba a faɗa. Ubanka, ƙanen falken nan, ya 'yanta ta, ya aure ta a gaban shaidu, daga ranar aka rufe maganar. Wanda ya buɗe baki a kan asalin wani, gaban sarkin zango ake kai shi. Mu mun sani mun yi shiru, ku ba ku sani ba, da mun mutu maganar ta bi mu. Yanzu an sa a takarda, yaro ma zai iya faɗa."

Wannan ya fi na filin girgiza ni. Duk shekarun da nake buga ƙirji da jinin Kano, dattawan nan suna kallona suna gyaɗa kai, ba wanda ya taɓa yin ko murmushin da zai sa in yi zargi. Unguwa guda ta haɗu ta rufa wa mace ɗaya asiri tsawon rayuwarta, ba tare da an zauna an ƙulla ba. Sai ga masu ilimi sun yaye shi ranar biki, kuma da kyakkyawar niyya, a kan ƙyallen da na ɗinka.

Washegari ba a hura wuta a gindin tsamiya ba, abin da ban taɓa gani ba in ba ciwo ko rasuwa ba. Labari ya riga ni isa gida. Mma ta shige ɗaki ta saki labule, gasarar da ta tace ta lalace a ƙwarya. Matata ta je famfo aka yi 'yar gardamar layi, wata da ba ta kai ta shekaru ba ta ce a bari 'ya'yan gida su ɗiba tukuna. Ta dawo da bokiti wayam. Tsorona ɗaya ne, kada Mma ta ƙarasa kwanakinta a bayan labulen nan ba ta sake ɗaga fuska a gaban mutane ba.

Na tafi makarantar. Hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, na ƙi zama. Tica na tsaye jikin taga, kansa a ƙasa.

"Masta tela, ka yi haƙuri," in ji hedimasta da Hausarsa ta 'yan gari, wadda ba ta bambanta mace da namiji. "Amma mun bi doka. Mun canza sunan shi. Haka ake yi ko'ina a duniya."

Ya ɗauko wata mujallar Turawa ya nuna mini inda aka yi haka. Ya bayyana mini cewa ba kai tsaye suke bugawa ba, sai da aka aika rubutun ga manyan malamai can kudu a bakin teku suka duba suka yaba. Ɗaya daga cikinsu ma shi ya ce a ƙara bayanin inda tsohuwar take zama, a kuma sa hoton zanen, don mai karatu ya tabbata ba ƙirƙira aka yi ba. Da ɗan alfahari ya faɗi wannan, kuma na ga da gaske bai gane abin da nake yi a ofishinsa ba.

Na ce, "Sunan da kuka ɓoye, wa ya san shi? Je ka zango ka tambaya. Kun ɓoye abin da ba mai kiranta da shi, kun buga koko, kun buga tsamiya da masallaci, kun buga fuskarta. Har ni kun sa. Me ya rage?"

Na sake jefa masa tambaya.

"Malaman bakin teku sun karanta kafin a buga. Ita wa ya karanta mata?"

"Ai ba ya karatu."

"Ba ta karatu, amma tana da kunne."

Sai tica ya yi magana. Ya ce ya gaya mata zai rubuta, ta ce to. Ya ce mata takardar ta malamai ce, can nesa za a karanta ta. Shi a ransa mutanensa ya yi wa aiki, don an kwashe su an watsa a duniya, ba wanda ya taɓa rubuta abin da aka yi musu daga bakin wadda aka yi wa. "Ni ban ga abin kunya a ciki ba," ya ce. "Waɗanda suka kama ta ne ya kamata su ji kunya." Na ce gaskiya ne, amma ba shi zai zauna a gindin tsamiya ba. Hannuna har ya tashi zan mare shi, sai na ga kuka yake yi. Abin ya ƙara ba ni haushi, don ya hana ni.

Hedimasta ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Abin da har yau yake ɗaure mini kai shi ne mutumin nan ɗan gari ne. Ya san ba a taɓa maganar asali, a gidansu ba zai yarda a yi ba. Amma da ya hau kujerar edita sai ya ajiye abin da ya sani a bakin ƙofa, ya ɗauki dokar da aka yi wa wata ƙasa inda da suna ake gane mutum. A ƙarshe ya buɗe kabad ya fito da sauran mujallun ya tara a gabana. Na zaro almakashina na bi su ɗaya ɗaya ina yanke shafukan, yana tsaye yana kallo. Waɗanda aka riga aka aika ta gidan waya kuwa sun tafi ke nan. Ya yi alkawari daga ranar ba za su sake buga labarin kowa ba sai an je an karanta masa da yarensa, an nuna masa hoto, an gaya masa har maƙwabcinsa zai iya gani. An ce sun riƙe alkawarin har mujallar ta mutu. Ban taya su murna ba.

Da la'asar Mma ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gado, ɗakin da duhu-duhu. Ta ce, "Karanta mini. Duka, kada ka tsallake."

Na karanta. Ita kuwa ko motsi ba ta yi ba, har wurin uwarta. Da na gama ta ce, "Bai yi ƙarya ba."

"Ya gaya miki zai rubuta, Mma?"

"Ya faɗa. Na ɗauka irin rubutun malamai ne, a rubuta a naɗe a ajiye. Ni da ɗan ƙasarmu nake hira." Ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya na roƙe shi, kada 'ya'yana su ji. Ya ce zai cire sunana. Sai ga shi kai aka miƙa wa ka karanta."

Na durƙusa na ce mata ba abin da ya canza. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka fi kowa son Kano." Sai na kama ƙafarta na riƙe.

Aka yi kwana da kwanaki labule a sake. Sai wata asuba na ji ƙarar tukunya a tsakar gida. Ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta a karkace yadda ta saba, ba ta ja mayafi kan fuska ba. Na ɗauki tukunyar na bi ta, na zauna a benci na harɗe hannu ina jiran wanda zai yi gigin magana. Da aka fito daga masallaci Baba ne ya fara zuwa da kwano, mutumin da na san koko na tayar masa da ƙwannafi. Sauran dattawan suka biyo bayansa. Suka gaishe ta, suka tambayi jiki, wani ya yi ƙorafin ƙosai ya ƙanƙance, ta ce wake ne ya yi tsada. Ba wanda ya ambaci takarda. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Bayan jama'a sun watse tica ya zo. Ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, ya gaishe ta da yaren nan, ya yi magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san roƙo yake yi. Mma ta bar shi har ya gama.

Ta ce da Hausa, "Sannu, Malam. Koko ya ƙare, sai ƙosai."

Ya sake magana da yaren. Ta ɗebi ƙosai ta naɗe a ganye ta miƙa masa da hannu biyu, yadda take yi wa kowane baƙo, ta juya ta ci gaba da kankare tukunya. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi. Ba a jima ba ya nemi a mai da shi wata makaranta, aka mai da shi.

Mma ta ci gaba da sayar da koko a gindin tsamiyar har ƙarfinta ya ƙare. Dariyar nan dai ban sake jin ta ba. Bayan shekaru, tana kwance ina yi mata fifita, na ce ta koya mini yaren, ko da gaisuwar safe ce kawai, in san yadda kakata take gaishe da mutane. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, leɓenta na ɗan motsi, har na matso da kunne.

Ta ce, "Na manta."